Jaka a Baya, Tikiti a Waya: Tambayoyi da Amsoshi Kan Zagaya Biranen Turai a Jirgin Ƙasa da Sauka a Gidajen Mutane

Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi mini game da ratsa Turai ni kaɗai a jirgin ƙasa, ina kwana a gidajen mutanen gari maimakon otal. Masu tambayar kashi biyu ne: ɗalibai da ma'aikatan da ke zaune a can suna son cin hutu, da waɗanda za su taso daga gida da biza. Inda amsar ta bambanta, na faɗa.

Wace irin tafiya ce wannan?

Tafiya ce ta mai ƙaramin guzuri. Duk kayanka na cikin jakar goyo guda, ka kwana biyu ko uku a gari, ka hau jirgi ka nausa gaba. Matasan Turai sun daɗe suna yin ta. A 1972 kamfanonin jiragen ƙasa suka fito da tikitin Interrail, wanda ya ba 'yan shekara 21 zuwa ƙasa damar zagaya ƙasashe 21 na tsawon wata guda. Shekara ɗaya aka yi niyyar yi, don bikin cikar ƙungiyar jiragen ƙasa ta duniya shekara 50, amma da aka ga yadda aka yi rububinsa sai aka bar shi. Yanzu babu ƙa'idar shekaru, kuma ƙasashen sun kai 33.

Abin da jirgin ƙasa ya fi na sama da shi a Turai shi ne tashar tana tsakiyar gari. Ka sauka, ka fito, ga ka a cikin birni, babu awon kaya, babu zuwa awa biyu kafin tashi.

Na ji ana cewa Interrail, ana cewa Eurail. Wanne ne nawa?

Inda kake zaune ake dubawa, ba launin fasfonka ba. Mazaunin Turai, ko da ɗalibi ne daga Zariya mai takardar zama a Jamus, Interrail zai saya. Wanda ya taso daga Najeriya, Nijar ko Ghana kuwa Eurail ne nasa, wanda ma ya girmi ɗan'uwansa, don tun 1959 yake. Jiragen da za ku hau duk ɗaya ne. Bambancin da ya kamata mai Interrail ya riƙe shi ne tikitin bai ba shi damar yawo a ƙasar da yake zaune ba, sai fita sau ɗaya da dawowa sau ɗaya.

Akwai tikitin ranaku a jere, daga kwana 15 har wata 3. Akwai kuma wanda za ka zaɓi ranakun tafiyarka, kamar kwana 4, 5 ko 7 cikin wata guda, ko kwana 10 ko 15 cikin wata biyu. Na biyun ya fi dacewa da mai sauka a gidajen mutane, domin ba kullum zai hau jirgi ba. Wanda bai cika shekara 28 ba yana da rangwame, haka ma ɗan 60 zuwa sama.

To da na saya, sai in faɗa kowane jirgi?

A nan mutane suka fi yin asara. Tikitin ya biya maka kuɗin hanya, amma wasu jiragen sai ka kama kujera da wani kuɗin daban. Masu gudun Faransa da ake kira TGV, da Frecciarossa na Italiya, da AVE na Sifaniya, da Eurostar mai bi ta ƙarƙashin teku zuwa Landan, da dukkan jiragen dare, haka suke. Kuɗin kujerar yakan fara daga wajen yuro 10, na wasu ya haura 30. Wani abin kuma, a wasu jiragen kujerun da aka ware wa masu irin wannan tikiti ba su da yawa, sai ka ga a watan Yuli sun ƙare alhali jirgin bai cika ba.

A Jamus, Ostiriya, Suwizalan, Holan da Beljiyam kuwa, yawancin jirage sai dai kawai ka shiga ka zauna inda ba kowa. Shi ya sa nake ce wa mai farawa ya karkata can. A Rail Planner, manhajar wayar da ake ajiye tikitin a ciki, akwai wurin da za ka taɓa ta nuna maka jiragen da ba sa buƙatar kama kujera kaɗai. Sun fi jan lokaci, suna tsayawa a ƙananan garuruwa, amma a cikinsu ne za ka ga 'yan makaranta da tsofaffi da masu kekuna, wato mutanen ƙasar da ka zo gani.

Kada ka manta ka shigar da jirgin a manhajar kafin ka hau. Mai duba tikiti ba ruwansa da cewa ka biya kuɗi mai yawa. In jirgin ba ya cikin wayarka, kamar ba ka da tikiti ne, kuma tara ce.

Kullum shi ya fi araha?

A'a. In ka san ranakunka tun wata biyu kafin tafiya, tikitin kowace hanya daban yakan fi sauƙi, musamman a Folan, Hangari da Jamhuriyar Cek inda kuɗin jirgi bai da tsada. Wanda zai tsaya cikin Jamus kaɗai ya duba Deutschlandticket, da aka fara a watan Mayun 2023 kan yuro 49 a wata, kafin kuɗin ya ƙaru. Yana aiki a ƙananan jirage da bas-bas na duk ƙasar, ban da masu gudu irin ICE. Tarkonsa guda: rajista ce mai sabunta kanta, in ba ka soke da wuri ba sai a ci gaba da cirar kuɗinka kana gida. A Luksambog kuwa tun 2020 shiga jirgi da bas kyauta ne, in ba taragon alfarma ka nufa ba.

Abin da tikitin zagaye yake saya maka shi ne 'yancin canja ra'ayi. Mai masauki ya ce ka ƙara kwana ɗaya akwai biki gobe, sai ka ƙara.

Biza fa? Ina da fasfon Najeriya.

Wannan ce tambayar da ya kamata ta zo farko, domin takarda ce za ta zana maka hanya kafin taswira. Bizar Shengen tana buɗe ƙasashe 29, na kwanakin da ba su wuce 90 ba cikin kowane 180. Kuɗinta yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, ban da abin da cibiyar karɓar takardu za ta caja, kuma ba a mayarwa in an hana ka. Ana neman inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, da fasfon da zai kai wata 3 bayan ranar fitarka, da shaidar kuɗi, da masauki, da abin da zai nuna za ka dawo. Ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta za ka nufa. In kwanakin sun zo daidai, sai ta farkon shiga. Ana iya nema tun wata 6 kafin tafiya, kuma da wahalar samun ranar ganawa, gara ka fara da wuri.

Abu biyu ke ruɗa mutane. Na farko, ƙasashen tikitin jirgi daban, ƙasashen biza daban. Birtaniya, Ailan, Turkiyya, Sabiya da Bosniya duk suna cikin tikitin amma ba sa cikin Shengen. Eurostar zai kai ka Landan daga Faris cikin awa biyu da 'yan mintuna, amma tun a tashar Gare du Nord za a tare ka in ba ka da bizar Birtaniya. Na biyu, duba ko bizarka ta shiga sau ɗaya ce ko sau da yawa. In ta sau ɗaya ce, ranar da ka tsallaka zuwa Belgired, babban birnin Sabiya, ta mutu, ko da saura kwana ashirin a jikinta.

Mai takardar zama a wata ƙasar Shengen bai da wannan ciwon kan, zai iya yawo a sauran na kwana 90 cikin 180.

Saƙon wanda zai sauke ni kyauta zai isa shaidar masauki?

Kada ka dogara da shi. Ofisoshin jakadanci takarda ta hukuma suke so. A Faransa mai sauke baƙo yakan je ofishin magajin gari ya karɓo takardar da ake kira attestation d'accueil. A Jamus akwai wadda mutum ke sa hannu cewa ya ɗauki nauyinka, har da kuɗin mayar da kai gida in ta kama. Ɗan'uwa ko tsohon aboki zai iya yi maka, amma mutumin da ya san ka ta intanet jiya ba zai yi ba, kuma roƙonsa ma rashin ta-ido ne. Mafita ita ce ka kama gado na gaske a gidajen kwanan matafiya, irin wanda ake iya sokewa, ka nuna hanyar da kake da niyyar bi da gaske. In ka samu mai sauke ka a wani garin, sai ka soke na wannan garin. Takardar bogi kuwa ka nisance ta, don hani ɗaya yana bin mutum shekaru.

Garuruwa nawa zan sa a mako biyu?

Huɗu, in ka matsa biyar. Kowa da ya fara riƙe tikitin nan sai kwaɗayi ya kama shi, ya jera ƙasashe tara, ya dawo bai san komai ba sai tasoshi da ciwon baya. Ni ma na yi. Sauri ya haifi nawa. Kuma babu mai masaukin da ke murna da baƙon da ya iso ƙarfe goma na dare ya fice da asuba.

Ga hanyar da nake ba mai farawa, duk cikin Shengen: Balin, Firag, Biyana, sai Budafes ko Benis. Daga Balin zuwa Firag awa huɗu ne da ɗoriya, kuma bayan Dresden jirgin yana bin gaɓar kogin Elbe tsakanin duwatsu, don haka nemi taga ta ɓangaren ruwan. Daga Biyana awa guda ce zuwa Bratislava, ka je ka dawo a yini. Budafes ba ta kai awa uku ba.

Mai son duwatsu ya bi layin Bernina daga Chur a Suwizalan zuwa Tirano a Italiya, wanda ke hawa har mita 2,253. Akwai jirgin 'yan yawon buɗe ido mai manyan tagogi da ake kama wa kujera, amma jirgin talakawa yana bin layin nan ɗaya, ga shi ba ƙarin kuɗi.

Wai da gaske mutum zai sauke baƙon da bai sani ba, kyauta?

Bahaushe bai kamata ya yi mamaki ba. Fatake sun yi ɗaruruwan shekaru suna sauka wurin fatoma a zango daga Kano har Gwanja, kuma abin da ke riƙe da harkar shi ne shaidar da wani ya yi wa wani. A Turai ma shaida ce jarin, sai dai a rubuce take kowa na gani.

Mafi tsufa cikin ƙungiyoyin da ke haɗa baƙo da mai masauki ita ce Servas, da aka kafa a 1949 a Denmak bayan yaƙin duniya na biyu, da nufin mutane su san juna don kada a sake yaƙi. Sai an yi hira da kai kafin a karɓe ka, kuma al'adarsu kwana biyu ne. Wadda ta fi suna ita ce Couchsurfing, da ta fara aiki a intanet a 2004. Wanda ya kafa ta, Casey Fenton, ya taɓa samun tikitin jirgin sama mai araha zuwa ƙasar Aisilan ba shi da wurin kwana, sai ya aika wa ɗaliban jami'ar can saƙo, aka yi ta gayyatarsa. Ta zama kamfanin neman riba a 2011, a 2020 kuma ta sa wa mazauna ƙasashe da dama kuɗin shiga, abin da ya sa tsofaffin 'yan cikinta da yawa suka yi ƙaura. BeWelcome da Trustroots da Couchers kyauta suke, 'yan sa-kai ke tafiyar da su, sai dai masu masaukinsu ba su kai yawa ba. Warmshowers ta masu tafiya a keke ce.

Me mai gida ke samu? Hira, da labarin wata duniya. Wasu sun ci arzikin wasu ne lokacin da suke yawo, suna ramawa. Wasu tsofaffi ne da 'ya'yansu suka watse. Wanda ya ɗauki gidan a matsayin otal ɗin banza, tun a rubutunsa ake gane shi.

Na aika wa mutum ashirin, ba wanda ya amsa. Me ya sa?

Ina kyautata zaton saƙo ɗaya ka kwafa wa duka ashirin ɗin. Karanta shafin mutum har ƙarshe, don wasu sukan ɓoye wata kalma a ciki su ce a ambata, su gane wanda ya karanta. Kira sunansa, faɗi abin da ya ja ka zuwa gare shi, faɗi ranar isowa da ta tafiya da jirgin da za ka biyo. Kwana biyu ko uku ka roƙa, mako ɗaya zuwa uku kafin zuwanka. Cika shafinka da hotunan da fuskarka ta fito, da abin da kake yi, da abin da ka iya dafawa.

Sabon shiga ba shi da shaida, ga shi ba a ba da masauki sai da shaida. Maganin shi ne ka halarci haɗuwar da 'yan shafin kan yi a garin da kake, ko ka zagaya da wani baƙo, ko ka fara sauke wani. Sannan ka rage buri. Faris da Amstadam da Basalona, mai gida ɗaya na iya samun roƙo fiye da yadda zai karanta. Gwada garin da ke gefe, Utrecht maimakon Amstadam, Padova maimakon Benis, duk tafiyar rabin awa ce.

Akwai kuma gaskiyar da ba ta da daɗi. Damfarar intanet ta ɓata mana suna, wasu da ganin Najeriya sai su ɗauke kai. Kada ka taɓa kawo maganar biza, aiki ko kuɗi a saƙon. Da ka tara shaidu uku masu kyau, za ka ga ƙofofi sun fara buɗuwa.

Ba haɗari? Ni mace ce, kuma ni kaɗai zan tafi.

Akwai haɗari, kuma wanda ya ce miki babu bai faɗi gaskiya ba. An samu masu amfani da shafukan nan don farautar mata. Ki zaɓi mata ko iyali. In namiji ne, karanta shaidunsa duka, musamman na matan da suka sauka su kaɗai, ki lura da wadda ta yi sanyi-sanyi, don mutane kan ji nauyin rubuta mummuna ƙarara. Namijin da baƙinsa duk 'yan mata ne, ko ya ce gado ɗaya ne za a raba, ko ya fara yabon hotonki, ki wuce. Ki tambayi inda za ki kwanta tun kafin ki amsa. Haɗuwar farko ta kasance da rana, a tasha ko shagon shayi. Ki tura wa wani na gida adireshin da sunan mutumin, ku sa lokacin da za ki riƙa kira.

Abin da ya fi duka, kuma har da maza: kullum a samu kuɗin gadon dare biyu a ajiye, da sunan wani gidan kwana a garin. Wanda ba shi da wurin zuwa shi ke haƙuri da abin da bai kamata ba. In zuciyarki ba ta kwanta ba, ɗauki jakarki ki fita, ba sai kin yi bayani ba. Fasfo da waya kada su bar jikinki. Lambar gaggawa 112 ce a duk Tarayyar Turai, kuma kyauta ce.

Me ake tsammani daga baƙo?

Lokaci tukuna. In ka ce ƙarfe shida, to shida, domin wataƙila mutumin ya baro aiki ne don ya buɗe maka ƙofa. Jirgi ya makara, aika saƙo nan take. Tambayi inda ake ajiye takalmi. Wanke kwanon da ka ci, naɗe shimfiɗarka da safe, kada ka daɗe a wanka don ruwan zafi kuɗi ne. A Jamus da Suwizalan daga ƙarfe goma na dare ake yin tsit, kuma mu da muka saba waya da 'yan gida da murya sama, sai mun kula. Shara ma rarraba ta ake, takarda daban, kwalba daban, sai ka tambaya.

Akwai inda kunyarmu ke cutar da mu. A gida in an ce bismilla sai ka ce alhamdu lillahi, ka jira a matsa maka. Bature sau ɗaya zai tambaya, ka ce a'a ya ɗauke tukunyarsa, ka kwana da yunwa. Haka in ya ce gobe ba zai iya riƙe ka ba, ba kora ba ce, magana ce kawai. Kuma ka tambaya tun farko ko akwai kare, don a gidaje da yawa kan kujerar da za ka kwana yake hutawa.

Kuɗi ba a bayarwa. Abin da ake yi shi ne ka yi cefane ka dafa wa gida. Dafa-duka ko miyar gyaɗa ba su taɓa ba ni kunya ba, in dai an sassauta barkono. Bayan ka tafi, rubuta shaida ta gaskiya.

Zan iya kai kilishi tsaraba?

A'a. Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga waje, don haka kilishi da dambun nama da man shanu za su ƙare a kwandon kwastan, wataƙila da tara. Dabino ya halatta. Hula, ƙaramar jakar fata ko zannuwan teburi na rini ba su da nauyi, kuma sun fi daɗewa a gidan.

Salla da abinci fa?

Faɗa wa mai gida tun a saƙo cewa ba ka cin alade, ba ka shan giya, kuma za ka tashi da asuba. Yawancinsu sukan girmama haka, wasu ma sai tambayoyi. Haddace sunayen alade: Schwein, Schinken da Speck a Jamusanci, porc, jambon da lardons a Faransanci, maiale da prosciutto a Italiya, cerdo da jamón a Sifaniya. Kusa da kusan kowace babbar tasha akwai shagunan Turkawa ko Larabawa, nan ne cikinka zai samu lafiya. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke a Jamus da Ostiriya, sai na cikin manyan tasoshi.

Buta babu, sai ka riƙe gorar ruwa, kuma kada ka bar banɗakin mutane jiƙe bayan alwala. Masallatai akwai: babban masallacin Faris tun 1926 yake, na Biyana 1979, na Rum 1995, ban da ƙanana da ke cikin benaye ba alama. Wanda ya je Kurɗuba a Sifaniya ya sani cewa shahararren masallacin nan coci ne tun 1236, ana shiga kallo amma masu gadi ba sa barin a yi salla. Da bazara rana tana daɗewa, a Istokhom a watan Yuni sai wajen goma na dare take faɗuwa, don haka zauna da malaminka kan kasaru da haɗa salloli kafin ka tashi.

Jirgin dare ya cancanci kuɗinsa?

Sau ɗaya dai a gwada. Kamfanin jiragen Ostiriya ya farfaɗo da harkar da Nightjet a ƙarshen 2016, lokacin da wasu ke janyewa, kuma daga Biyana ana kwana a farka a Hambog, Benis ko Rum. Hawa uku ne: kujera, ɗakin gadaje 4 ko 6, da ɗakin barci na sosai. Kujerar araha ce, amma araha ba ta ado, za ka sauka kamar an yi maka duka. Ɗauki na tsakiya. Mata na iya neman ɗakin mata zalla. Ga masu tikitin zaɓen ranaku, ranar tashi kaɗai ake ƙirgawa muddin ba ka canja jirgi bayan sha biyun dare ba.

Me zan zuba a jaka?

Abin da za ka iya hawa bene na biyar da shi, don tsofaffin gidaje da yawa ba su da lifta. Jaka mai lita 40 ta isa: kayan sawa na kwana biyar, rigar ruwa, takalmin da ƙafarka ta saba da shi, tawul, ƙaramin kwaɗo na kulle akwatin gidan kwana, da batirin cajin waya, tunda tikitinka a wayar yake. Soket ɗin Najeriya da Ghana irin na Birtaniya ne mai ƙafa uku, na yawancin Turai kuwa ƙafa biyu ne zagayayyu, sai ka sayi mahaɗi. Katin banki biyu a wuri biyu, da ɗan tsabar kuɗi, don banɗakin tasha ma biya ake. Cek, Hangari, Folan da Suwizalan kowacce da kuɗinta, ba yuro ba.

Yaya zan kauce wa ɓata a tasha?

Koyi sunan garin da harshen masu shi. A allo ba za ka ga Biyana ba sai Wien, Firag Praha ce, Munik München, Benis Venezia. A Benis ɗin ma tasha biyu ce, Mestre a kan tudu, Santa Lucia a bakin ruwa. Frankfurt biyu ce a Jamus, ɗaya a kan kogin Main, ɗaya can iyakar Folan. A Faris jirgin arewa a Gare du Nord yake sauke ka, na kudu maso gabas daga Gare de Lyon yake tashi, sai ka ba kanka awa guda tsakani. Wasu jiragen kuma rabuwa suke a hanya, gaba ya yi wani gari, baya ya yi wani, don haka duba lambar taragonka. Na taɓa yin barci a taragon da ba nawa ba, na farka a garin da ban taɓa jin sunansa ba.

In jirgi ya makara da awa ɗaya, dokar Tarayyar Turai ta ba mai tikitin hanya kashi 25 na kuɗinsa, awa biyu kashi 50. Yajin aiki ma yana faruwa, galibi ana sanarwa tun kafin ranar. Daren ƙarshe ka kwana a garin da jirgin samanka zai tashi.

Ana tsare baƙar fata a hanya?

Yana faruwa. Ko da yake babu shinge tsakanin ƙasashen Shengen, an yarda ƙasa ta dawo da bincike na wani lokaci, kuma Jamus ta faɗaɗa nata zuwa duk iyakokinta na ƙasa a watan Satumbar 2024. 'Yan sanda kan shigo tarago, wani lokaci su wuce kowa su tsaya a kanka. Abin da ciwo. Fasfo na ainihi ya kasance a jikinka, ba hotonsa ba, tare da inshora da tikitin komawa da adireshin inda za ka kwana. Amsa abin da aka tambaye ka a taƙaice, galibi minti biyu ne.

In mai masauki ya fasa ana saura awa uku fa?

Zai faru, ko ba a tafiyar farko ba. Ɗansa ya kamu da zazzaɓi, ko aiki ya riƙe shi, ko kawai ya daina amsa waya. Ba bashi kake bin sa ba, don haka kada ka ɓata lokaci kan fushi. Buɗe manhajar gidajen kwana ka kama gado tun kana cikin jirgi, kafin su ƙare da yamma. Manyan birane suna da zauren neman masaukin gaggawa a shafukan nan, ka rubuta a can ma. In garin ya cika saboda wasa ko baje koli, duba garin da ke gaba da rabin awa, tikitinka na ranar yana nan da ransa har sha biyun dare. Kwanan tasha kada ka sa shi a lissafi, domin da yawa ana kulle su bayan jirgin ƙarshe, kuma sanyin ƙarfe uku na dare a can ko a watan Agusta ba wasa ba ne.